Ta Ci Gaba da Lissafi Ko Ta Koma Akanta? Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba

Ɗalibar da wannan rubutu ya shafa ta kammala shekarar farko a sashen lissafi na wata jami'a, a digirin da ake yi cikin shekara 4. Yayanta ne ke biyan kuɗin karatun daga albashinsa, kuma akwai ƙanne biyu a bayanta da su ma nauyinsu ke kansa. Sakamakonta na shekarar ya rabu biyu. A kalkulas da aljabara ta yi fice. A kwas ɗin da aka fara koyar da yadda ake kafa hujja a tabbatar da ƙa'ida kuwa, da ƙyar ta tsallake. Da hutu ya zo sai yayan ya kawo shawarar ta bar lissafi ta koma sashen akanta. Sashen ya yarda ya karɓe ta, da sharaɗin ta faro daga aji ɗaya.

Su biyun suka kawo mini maganar. Yayan mutum ne mai natsuwa, kuma bai ɓoye damuwarsa ba. Ya ce, "Malam, ni ba ƙin karatunta nake yi ba. Amma wanda ya karanta akanta na san ofishin da zai nufa da takardarsa. Wanda ya karanta lissafi fa? In ba allo da alli ba, ina za shi?" Ita kuma ta ce, "Yaya, shi ne kaɗai karatun da nake zama a kansa har dare ya raba ban sani ba." Duk cikinsu ba wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa tambaya daban yake amsawa.

Kowa ya zo da shaidarsa. Yayan yana da abokin karatu da ya gama lissafi ya daɗe yana neman aiki, daga baya ya kama koyarwa a kan albashin da bai kai ya kawo ba. Ita kuma ta zo da jadawalin albashi da ta samo a intanet, da labarin James Simons, masanin lissafin nan na Amurka da ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Stony Brook, ya bar jami'a a 1978, ya kafa kamfanin zuba jari na Renaissance Technologies a 1982, ya rasu a 2024 yana cikin manyan attajiran duniya. Labarin gaskiya ne. Amma Simons yana da digirin digirgir tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma sai da ya yi suna a binciken lissafi kafin ya taɓa kasuwar hannun jari. Shi da abokin yayan, kowannensu mutum ɗaya ne, kuma ba a yanke wa yarinya hukuncin shekara talatin da biyar na rayuwarta da labarin mutum ɗaya, mai daɗi ne ko mai ɗaci.

Abin da jadawalin albashi ke faɗa da abin da yake ɓoyewa

Jadawalin da ta kawo ya fi labarin nauyi, don haka muka tsaya a kansa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna cewa albashin tsakiya na masu lissafin haɗari a kamfanonin inshora ya kai kusan dala 120,000 a shekara, na masu nazarin bayanai ya haura dala 100,000, na malaman sakandare kuma wajen dala 65,000. Duk ayyukan nan uku mai digirin lissafi yana shigarsu. Abin lura shi ne jadawalin na sana'o'i ne, ba na digirori ba. Takarda ɗaya ce a hannun mutum uku, amma na farko yana karɓar kusan ninki biyu na na ƙarshe. Wannan tazarar ce muhimmin abu a jadawalin, ba adadin dalolin ba, domin adadin na kasuwar ƙasa ɗaya ne, tazarar kuwa ana ganin irinta a wurare da yawa.

Akwai matsala ta biyu, wadda masana tattalin arziki suka daɗe suna fama da ita. Tun a 1964 Gary Becker ya tsara ra'ayin cewa ilimi jari ne da mutum ke zubawa a kansa, yana ƙara masa ƙwarewa, ƙwarewar ta ƙara masa albashi. A 1973 Michael Spence ya nuna wata fuskar: takardar digiri tana iya zama alama ce kawai da ke shaida wa mai ɗaukar aiki cewa wannan mutumin dama can yana da kai da juriya. A lissafi wannan batu yana da ƙarfi ƙwarai, saboda waɗanda ke zaɓarsa galibi tun daga sakandare suka fi takwarorinsu iya sarrafa lambobi. Da sun karanta injiniyanci ko tattalin arziki ma, da yawansu za su samu albashi mai kyau. Saboda haka in an ga masu digirin lissafi suna samu, ba duka ribar ce ta digirin ba. Wani kaso nata na mutanen ne, kuma da shi za su tafi duk sashen da suka nufa.

Binciken da ya fi taimaka mini a irin wannan shawara shi ne wanda Kirkeboen da Leuven da Mogstad suka wallafa a 2016 kan ƙasar Norway. A can ana shiga jami'a ne ta tsari guda, ɗalibi ya jera zaɓinsa, maki ya yanke. Masu binciken suka kwatanta waɗanda suka haye makin wani fanni da ƙyar da waɗanda suka gaza da ƙyar, wato mutanen da kusan kansu ɗaya. Suka gano cewa bambancin samu tsakanin fannoni yana da girma, har yana gogayya da bambancin da ke tsakanin mai digiri da marar digiri, kuma ribar kowane fanni ta dogara ne da abin da mutum zai karanta in bai samu wannan ɗin ba. Ma'ana, tambayar "nawa digirin lissafi ke kawowa?" guntuwa ce. Sai an ƙara da "in an kwatanta da me, kuma ga wa?"

Wannan ya sa na ajiye alƙaluman gama-gari a gefe, duk da cewa suna da daɗin ji. Psacharopoulos da Patrinos, a bitar da suka yi a 2018 ta bincike daga ƙasashe 139, sun samu cewa kowace shekarar karatu tana ƙara wa mutum kusan kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu. Cibiyar IFS ta Landan, mai binciken tattalin arziki, ta ƙiyasta a 2020 cewa yawancin masu digiri a Ingila suna cin riba a tsawon rayuwa, likitanci da tattalin arziki na kan gaba, amma kusan mutum ɗaya cikin biyar da bai je jami'a ba da ya fi masa ta fuskar kuɗi. Duk wannan yana amsa tambayar ko a je jami'a. Ɗalibarmu tana cikin jami'a. Zaɓinta biyu ne rak: shekara 3 da suka rage a lissafi, ko shekara 4 sababbi a akanta.

Lissafin da muka yi

Na ba ta aiki kafin mu sake zama. Ta je sashensu ta nemi waɗanda suka gama a 'yan shekarun baya, ta tambaye su aikin da suke yi, yadda suka same shi, da abin da suka ƙara koya bayan digirin. Ta yi haka a sashen akanta ma. Ba ƙididdiga ce ta haɗa ba, mutane kaɗan ne, kuma waɗanda abin ya yi wa kyau sun fi saurin amsa waya. Amma wani tsari ya fito fili. Masu lissafin sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka fita da digirin zalla, suka shiga koyarwa ko aikin ofis da kowane digiri zai iya. Akwai kuma waɗanda suka haɗa shi da wani abu, rubuta manhaja, ko ƙididdiga, ko jarrabawar ƙwararru, suka shiga banki ko inshora ko kamfanin sadarwa. Masu akanta kuwa sun fi taruwa a tsakiya.

Don mu iya auna wannan, muka ƙirƙiro ma'auni namu. Lambobin da ke tafe na gwaji ne, mun ɗora su a kan abin da ta jiyo, kuma duk mai irin wannan shawara sai ya sa nasa. Muka ce albashin shekara na mai akanta 100 ne. Na mai lissafi zalla 80. Na mai lissafin da ya haɗa da wata ƙwarewa 130. Kuɗin karatu da na zama na shekara guda 40. Shekarun aiki 35.

Yayan ya riga ya yi nasa lissafin a ka: 100 a cire 80 saura 20, sau 35 ya zama 700. A ganinsa asarar da za ta yi ke nan in ta tsaya. Akwai gyara uku a wannan.

Na farko, canjin sashe ba kyauta ba ne. Za ta biya kuɗin ƙarin shekara, 40, kuma za ta fara karɓar albashi a makare da shekara guda, 100. Jimla 140. Mutane da yawa suna ganin 40 ɗin saboda daga aljihu yake fita, amma ba sa ganin 100 ɗin saboda bai taɓa shiga aljihun ba, alhali shi ne mafi tsada a duk karatun jami'a. A nan ita ma na tsayar da ita, domin ta so ta kawo kuɗin shekarar da ta riga ta yi a matsayin dalilin tsayawa. Wannan kuɗi ya tafi, ko ta tsaya ko ta koma. Abin da ke shiga sikeli shi ne abin da ke gaba kaɗai.

Na biyu, kuɗin da za a karɓa nan da shekara ashirin ba daidai yake da na yau ba. Yayan ya fi kowa sanin wannan, shi ne ma ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In muka rage darajar kuɗin gaba da kashi 5 cikin 100 a kowace shekara, 100 na shekara ta 20 bai wuce 38 a yau ba. Da wannan ragin, 1 da za a riƙa karɓa kowace shekara har shekara 35 darajarsa a yau wajen 16.4 ce, ba 35 ba. Sai 700 ɗinsa ta koma wajen 327. A cire 140 na canjin sashe, saura wajen 187. Har yanzu akanta ce a gaba, amma ba da irin tazarar da ya zata ba.

Na uku shi ne zuciyar lamarin. Lissafinsa ya ɗauka tabbas ne za ta ƙare a rukunin 80. In ta shiga rukunin 130, ita ce a gaba da 30 kowace shekara, wato wajen 491 a darajar yau, ga kuma 140 da ba ta kashe ba, jimla ta haura 630. Don haka tambayar gaskiya ita ce: sai damarta ta shiga rukuni na biyu ta kai nawa kafin tsayawa ta fi? Ita da kanta ta warware wannan a takarda, cikin 'yan mintuna, yayan na kallo. In an baje 140 a kan shekarun aiki, yana daidai da kusan 8.5 a shekara. Ke nan digirin lissafi na buƙatar ya kawo mata kusan 91.5 a shekara a matsakaici, wato 100 a cire 8.5. Daga 80 zuwa 91.5 akwai 11.5, tazarar rukunan biyu kuma 50 ce. Amsa: kusan kashi 23 cikin 100. Ko da damarta ɗaya ce cikin huɗu, tsayawa ta fi.

Abubuwa biyu suka biyo baya da suka sa na ga ya dace a rubuta wannan lamari. Da ɗaliba ce da ba ta fara ba, wadda ba za ta yi asarar shekara ba, sai damarta ta kai kashi 40 cikin 100 kafin lissafi ya kamo akanta. Digiri ɗaya, jami'a ɗaya, lambobi ɗaya, amma amsar ta bambanta saboda matsayin mai tambaya. Sannan yayan ya ce ragin kashi 5 da muka yi wa darajar kuɗin gaba ya yi kaɗan ga gidan da ke jiran albashi, a ninka. Muka sa kashi 10. Ya zaci hakan zai ƙarfafa hujjarsa, sai ga shi adadin damar da take buƙata ya sauko zuwa wajen kashi 11 cikin 100. Dalilin a fili yake in an duba: duk gidan da ke da gaggawar kuɗi, shekarar da za a ƙara a makaranta ta fi yi masa ciwo, bambancin albashin da ke can nesa kuma ya rage nauyi. Matsin da ya sa shi neman canjin shi ne babban dalilin kada a yi canjin.

Inda lambobin ba su kai ba

Ban bar su suka tashi da wannan sakamako kamar an gama ba, domin duk lissafin yana tsaye ne a kan zato ɗaya: cewa za ta gama digirin da sakamako mai kyau. A nan ne kwas ɗin da ta tsallake da ƙyar ya dame ni fiye da komai. Lissafin jami'a yana sauya fuska daga shekara ta biyu. A sakandare da shekarar farko ana ba ka tambaya ka nemo amsa. Daga nan kuma ana ba ka magana ka tabbatar da ita mataki-mataki, ba tare da lamba ko ɗaya ba wani lokacin. Ɗalibai da dama da suka saba zama na ɗaya a aji a nan suke fara tuntuɓe, wasu su farfaɗo bayan zango ɗaya ko biyu, wasu kuma su yi ta jan ƙafa har ƙarshe. Wanda ya fita da sakamako mai rauni ƙofar digiri na biyu tana rufe masa, manyan masu ɗaukar aiki kuma sukan tace takardu da sakamako kafin su ga fuskar mutum. Digirin da aka bari a tsakiya ya fi kowanne asara, an biya kuɗi, an ba da shekaru, ba takarda.

Na karɓi takardar jarrabawarta na duba. Ba rashin fahimta na gani ba. Ta san inda hujjar za ta ƙare, amma tana tsallake matakai, tana rubuta abin da take son tabbatarwa kamar an riga an tabbatar da shi. Wannan ciwo ne da ke warkewa da yawan gwaji da samun mai duba aiki. Da na ga ba ta gane abin da ake tambaya ba ne gaba ɗaya, da shawarata ta bambanta.

Sai batun ƙofofi. Hanyar da ke tsakanin fannonin biyu ba ta da faɗi ɗaya a kowane ɓangare. Ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci irin su ACCA ba sa sharɗanta digirin akanta, mai digirin lissafi yana iya yin rajista ya rubuta jarrabawarsu, sai dai ba zai samu yafiyar wasu takardu da mai digirin akanta ke samu ba. Shi kuwa mai akanta, in ya so shiga digiri na biyu a ƙididdiga ko lissafin haɗarin inshora, sai ya koma ya cike giɓin lissafi mai yawa. Wato in ta tsaya kuma abin bai yi ba, hanyar da yayanta ke so tana nan a buɗe, da ɗan jinkiri. In ta koma, ɗaya hanyar ta yi nisa. Wannan yana da daraja ta kuɗi ko da ba mu sa masa lamba ba.

Amma dole a faɗi gaskiyar da ke bayan tsoron yayan. Kasuwa ba ta cika ɗaukar mutum don ya iya tabbatar da ƙa'ida ba. Ko a Amurka, aikin da ake kira na masanin lissafi yawanci sai da digiri na biyu, masu lissafin haɗarin inshora kuma suna shafe shekaru suna rubuta jarrabawar ƙwararru bayan digiri. Mai digirin farko ana ɗaukarsa ne don ya iya tsabtace bayanai, ya rubuta manhaja da Python ko makamancinsa, ya gina ƙiyasi, ya kuma yi wa wanda bai san lissafi ba bayanin abin da ya gano. Sassan lissafi da yawa ba sa koyar da waɗannan yadda ya kamata, kuma a ganina wannan gazawa ce da bai dace a ɗora wa ɗalibai ba. Wani bincike da Bleemer da Mehta suka yi a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Cruz ya nuna cewa ɗaliban da suka haye makin shiga fannin tattalin arziki da ƙyar sun samu albashin da ya fi wanda da za su samu a fannin zaɓinsu na biyu da kusan kashi 46 cikin 100, kuma wajen rabin wannan bambanci ya fito ne daga irin masana'antun da suka shiga aiki. Fannin ba lissafi ba ne, amma darasin ya shafe shi: inda karatu ya tura ka neman aiki yana da nauyi kusan daidai da abin da ya koya maka.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai a duk zaman, shi ne yadda muka sa koyarwa a rukunin 80 kamar ita ce faɗuwa. A sikelin albashi haka take a ƙasashe da yawa, kuma ban yi wa yayan ƙarya a kan haka ba. Amma na gaya musu cewa ƙarancin albashin malamin lissafi shaida ce a kan yadda ake biyan malamai, ba a kan amfanin aikin ba. Kowane injiniya da kowane akanta ta hannun malamin lissafi ya bi. In wata rana ta zaɓi aji da idonta a buɗe, ta san abin da ta bari, wannan zaɓi ne mai mutunci. Abin da ba na so mata shi ne ta tsinci kanta a can don ba ta shirya wa komai ba.

Abin da aka tsayar

Shawarata ita ce ta tsaya a lissafi, amma ba tsayawar da ta zo da ita ba, ta so zalla. Yayan ya amince bisa sharuɗɗan da su biyun suka rubuta. Duk kwas na zaɓi da ya rage mata za ta ɗauka ne a ƙididdiga da kwamfuta. Za ta fara koyon rubuta manhaja tun wannan hutun, ta kuma yi aiki guda da bayanai na gaske wanda za ta iya nuna wa mai ɗaukar aiki. Za ta nemi gurbin sanin makamar aiki kafin shekarar ƙarshe, ko da ba biya. Za ta shiga rukunin ɗalibai masu warware hujjoji tare, ta riƙa kai aikinta ana dubawa.

Shi kuma yayan ya nemi abu ɗaya, kuma na ga dacewarsa: a sa ranar sake dubawa. In sakamakon shekara ta biyu ya fito kuma kwasa-kwasan hujja ba su gyaru ba, ba za ta canza sashe ba, domin a lokacin kuɗin canjin ya ninka, shekara biyu ke nan za ta maimaita. Za ta ƙarasa digirin, ta karkatar da duk abin da za ta iya zuwa ɓangaren lissafin aikace-aikace, ta kuma yi rajistar jarrabawar akantoci a shekarar ƙarshe. In kuwa sun gyaru, za a fara maganar digiri na biyu da neman tallafin karatu, a sake zama da takarda a auna shekara ɗaya ko biyun da zai ci da abin da zai ƙara mata.